Neman Kere a Ƙetaren Iyaka

Tun da bidiyon nan ya zaga wayoyin mutanen unguwarmu ban sake shan shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya gan ni sai ya danne dariya ya ce, Malam Hamisu, wai me ya faru ne a Nijar? Ga wanda bai gani ba, abin da ke ciki shi ne wani mutum mai tumbi, sanye da shadda, yana gudu cikin daji da wuƙa a hannu. Ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa, hularsa ta kama nata gaban. To ni ne. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu kowa yana ƙara masa gishiri, shi ya sa na zauna na rubuta shi tun daga tushe, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Asalin abin, a 'yan shekarun nan da labarin masu satar mutane ya yi ta zuwa mana daga yammacin jiha, tsoro ya shiga unguwarmu a Daura, duk da ko akuya ba a taɓa ɗauke mana ba. Mai unguwa ya tara magidanta a ƙofar gidansa aka kafa kwamitin shirin ko-ta-kwana. Mu kuwa in dai kafa kwamiti ne ba a bar mu a baya ba. Kafin la'asar an samu shugaba da mataimakinsa, sakatare da mataimakinsa, mai jan addu'a, har da mai kula da tabarmi. Sai da aka gama rabon muƙamai sannan wani ya tambaya da me za mu kare kanmu. Mai unguwa ya ce bindiga dai babu, doka ta hana, kuma shi ba zai kwana a caji ofis saboda mu ba. Sai dai makaman kakanni, kere da majajjawa da kwari da baka, waɗanda in abu ya ɓaci aka watsu cikin daji mutum zai kare kansa da su, ya kuma samu abin kaiwa baki. Aka ce to wa zai koya mana? Gaba ɗaya aka juyo aka dube ni.

Ba laifinsu ba ne, bakina ne ya ja mini. Babana maharbi ne a wani ƙauye kusa da Zango, ya yi suna da kere, wato sandar nan mai lanƙwasa da kai mai nauyi da ake jifan zomo da ita. Ni kuwa malamin firamare ne, alli kaɗai na iya jifa, shi ma sai yaro yana layin gaba. Amma shekara da shekaru a majalisarmu ta gindin dalbejiya ina ba da labarin farautar Baba. Tun ina cewa Baba ya yi, har na koma mun yi, daga baya ma Baban ya fita daga labarin ya bar ni ni kaɗai da zomayen. Ban taɓa ba su labarin ranakun da yake dawowa hannu rabbana ba, karnukansa cikinsu ya yi tim suna lasar baki, mu kuma mu ci tuwo da miya ba nama, mahaifiyarmu tana mita. Waɗannan ranaku ba su da daɗin faɗa a majalisa.

Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ina matashi, na ɗan yi karatu, kaina ya ɗau zafi. Na ji a wani darasi cewa dabbar da aka kashe da duka mushe ce, ban tsaya jin ƙarshen darasin ba na hau mota zuwa ƙauye. A ƙofar gida, a gaban mutane, na ce wa Baba mushe ya ciyar da mu tun muna yara. Na shiga ɗakinsa na kwaso rigar layu da warki da kwari da baka da kerensa, na tara na kyasta ashana. Yana zaune a kan buzu yana kallo har wuta ta cinye, sannan ya ce, "Ka gama, Malam?" Bai ƙara ko kalma ba. Bayan kaka ya tattara ya koma wurin ƙaninsa, Baffa Ilu, a ƙetaren iyaka. A can ya rasu bayan shekara uku. Ban je ba, gaisuwa na aika, don kunya ta hana ni haɗa ido da Baffa.

Yanzu ga shi an sa Juma'ar sama za a fara horo a filin makaranta, ni ne mai koyarwa. Na sayi danƙon harbin tsuntsu na gwada a ɓoye a tsakar gida, harbin farko na fasa wa maiɗakina randa. Na ga hanya biyu ce kawai: ko in tsaya gaban magidanta hamsin su gane ƙarya na yi shekaru ina shara musu, ko in je in durƙusa wa Baffa Ilu ya koya mini ko da yadda ake riƙe kere ne. Na zaɓi ta biyu. Na ce wa kwamiti zan je in karɓo kayan gado.

Da na san abin da zai biyo baya da na tafi ba sallama. Alhaji Sabo, maƙwabcina, wanda ya yi ritaya daga aikin ofis kuma aka ba shi muƙamin mai kula da kayan aiki, ya ce ƙafarsa ƙafata. Tun da aka kafa kwamiti ba shi da aiki sai kallon Turawa a waya suna kwana cikin daji suna cin tsutsa. Ya haɗa wata jaka da yake kira jakar tsira, wadda ta kai buhun masara nauyi. Na yi ta kawo masa dalilai, zafin bazara, hawan jininsa, nisan hanya. Ya ce ai irin wannan wahalar yake nema. Ni ina neman inda zan ɓoye asirina, sai ga shi na tafi da mai shaida.

Mun tashi da safe daga tasha a wata tsohuwar mota mai cin mutum bakwai, aka zuba mu mu goma sha ɗaya da tunkiya. Ɗan kamasho ya ɗaga jakar Alhaji ya ajiye, ya ce wannan fasinja ce, sai dai a biya mata kujera. Aka yi ta ja-in-ja, ƙarshe jaka ta zauna a gaba kusa da direba tana shan iska, ni da mai jakar muna baya, tunkiya tana taunar gefen rigata. Da muka wuce mararrabar ƙauyenmu kafin Zango na sunkuyar da kai kamar mai gyaran takalmi. Alhaji yana ta tambaya ko nan ne dajin da na kama zomo uku da jifa ɗaya. Na ce can gaba ne.

Daga Zango babura muka hau, uku, ɗaya na jaka. A ɓangarenmu na iyaka ba a ɓata mana lokaci ba, ashe jami'in da ke wurin tsohon ɗalibina ne. Ya rusuna ya gaishe ni, ya tuna mini bulalar da na yi masa a aji huɗu, ya ce mu wuce Allah ya tsare. Mu a wurinmu sanayya ita ce takarda. A ɓangaren Nijar kuwa takarda ita ce sanayya, ko ƙanin uwar jandarma ne kai sai ka nuna.

Jandarman da ya tare mu dogo ne siriri, ba ya dariya. Ya sa aka zazzage jakar Alhaji a kan tebur. Ni kaina a ranar na fara ganin abin da ke ciki: tocila uku, igiya, gidan sauro, kifin gwangwani, usur, wani ƙaramin agogo mai nuna arewa, fatsar kamun kifi, danƙon harbi na kamfani mai madafar hannu, adda, da wuƙaƙe biyar, kowace da aikinta. Jandarma ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya cikin Hausarsu mai daɗin ji, "Alhaji, ziyara za ku ko yaƙi?" Alhaji ya shiga yi masa bayanin kwamiti tun daga shugaba har mai tabarmi. Mutumin ya saurara har ƙarshe, ya ware adda da wuƙaƙen biyar ya kulle a akwati, ya ce in mun dawo mu karɓa. Danƙon kuwa ya ɗauka ya auna wani gwangwani da ke kan katanga, ya harbo shi da dutse ɗaya, ya miƙo wa Alhaji abinsa. Ya rubuta mana takardar ajiya da Faransanci, amma mai buga hatimi ya tafi hutun rana, kuma a ƙasar nan ko gobara ba ta tayar da ma'aikaci daga hutun rana. Muka zauna a rumfar mai shayi har bayan azahar. A nan na ga burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri. Alhaji ya ce tun da an ƙwace masa makamai zai riƙe guda ɗaya saboda tsaro.

Daga nan wata motar ɗaukar kaya ta kai mu wani gari mai kasuwa, inda kwalta ta ƙare yashi ya fara. Wani dattijo mai amalanken da bijimin sa ke ja ya ce ya san Kalgon Maharba, ƙauyen Baffa, zai kai mu. A hanya Alhaji ya fito da agogonsa mai nuna arewa ya ce mun kauce. Dattijon ko waiwaye bai yi ba, ya ce san nan ya fi shekara shida yana zuwa kasuwa yana komawa gida, bai taɓa tambayar agogo ba.

Mun isa da la'asar sakaliya. Baffa Ilu yana gindin wata aduwa yana tufka igiya. Ya tsufa, ya bushe, amma idanunsa na Baba ne sak. Ya karɓi Alhaji hannu biyu, ya tambaye shi gida da iyali da gajiya da zafi, ya sake dawowa kan gida da iyali, don gaisuwar mutanen can ba ta da birki. Ni kuwa ina durƙushe a gefe kamar tulu. Sai da ya gama ya juyo.

"Malam, an zo wa'azi ne?" ya ce. "In kuma ashana ake nema, babu abin da ya rage na ƙonawa."

Alhaji ya dube ni, ya dubi Baffa. Ni ƙasa nake kallo ina fatan ta tsage. Matar Baffa, Inna Kande, ita ta cece ni. Ta leƙo daga zaure ta ce masa ɗan yayansa ne ko ya so ko ya ƙi, kuma ba a yi wa baƙo shari'a kafin ya sha ruwa. Ta kawo mana fura a ƙwarya, fura ta gaske mai nono kamar a yanka, ba irin ta garinmu da ake wa wanka da ruwa ba. A can fura ita ce karin kumallo, ita ce abincin rana, tuwo sai da yamma. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, gefe guda buhunan gero, gefe guda kaza tana kwanci.

A zauren nan, kafin magariba, na gaya wa Alhaji komai. Na zaci zai tashi da faɗa. Ya jujjuya burodinsa, can ya ce, "To yanzu ranar Juma'a fa? Na riga na ba tela ɗinkin riguna." Wallahi a lokacin na ji ina ƙaunarsa.

Washegari Inna Kande ta matsa wa Baffa ya yarda zai koya mana, amma ya ce don Alhaji zai yi, don ya ga mutumin kirki ne duk da wahalar da yake ɗora wa kansa. Ya fara da duba jakar tsira. Ya ɗaga fatsa ya tambayi Alhaji a wane kogi zai jefa ta, ko a rijiya. Alhaji ya fito da wani ƙarfen kyasta wuta irin na Turawan waya, ya tara kara ya durƙusa yana ta gurzawa, gumi yana zuba, tartsatsi yana tashi yana mutuwa. Ya roƙi Baffa ya nuna mana yadda kakanni ke yi da ƙyastu. Baffa ya sa hannu a aljihu ya fito da laita ya kunna karan, ya ce ƙyastunsa ya ajiye tun ranar da aka kawo wannan kasuwa, shi ba ya gaba da sauƙi.

Da Alhaji ya yi masa bayanin shirinmu na tarar masu bindiga da kere, Baffa ya yi dariya har da tari. Ya ce kere na zomo ne, zomo kuma ba ya ramawa. Sai ya shiga yi mana tambayoyi. In an ce a gudu, ta wace hanya za mu fita daga unguwa? Rijiya nawa muka sani a bayan gari? Tsofaffi nawa ne a unguwar da ba sa iya tafiya, kuma wa zai goya kowanne? Mu kwamiti guda da muƙamai goma sha biyu, ko ɗaya ba mu taɓa tunaninsa ba. Ya nuna mana garin gero da ƙuli-ƙuli da yake ɗaurewa a tsumma in zai yi nisa, ya nuna mana hanza, 'ya'yan wani itace da suke ci in shekara ta yi tsanani, wadda sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita. Alhaji bai jira ƙarshen bayani ba ya jefa ɗanya a baki. Har la'asar yana tofar da yawu.

Sai aka zo kan jifa. Baffa ya kafa wani tsohon gora a kan kututture ya miƙo mini kerensa. Jifana na farko ya wuce saman goran ya sauka a kan rumbu. Na biyu ya tarwatsa hanzar da Inna Kande ta shanya. Da aka koma majajjawa, na wulwula na wulwula na saki, dutse ya yi baya ya samu jakar tsira ya fasa tocila ɗaya. Alhaji ya koma bayan aduwa yana ba ni ƙwarin gwiwa daga can. Baffa ya ce jifan malamai ke nan, kullum sama yake nufa. Ya yi ta maimaita mini cewa ƙasa ake jifa, kere ya tafi yana sharar ƙasa, ƙafa ake nema. Na ce ba kai ya kamata a nema ba, a gama da shi gaba ɗaya? Ya yi mini wani irin kallo, ya karɓi kerensa ya ce gobe da asuba za a fita. Yini guda ina jifa ban taɓa goran nan ba, Juma'a kuwa saura kwana huɗu.

Bayan sallar asuba muka kama hanya, Baffa a gaba da karnuka biyu, ni a tsakiya cikin shadda, don ban zo da wasu kaya ba, Alhaji a baya da waya yana ɗauka. Tsohon da ke jan ƙafa a gida, da ya shiga cikin sabara da kalgo sai ya zama wani mutum. Yana nuna mana sawu a yashi yana faɗin na wane ne da lokacin da ya wuce, ni kuwa ban ga komai ba sai yashi. Rana ta ɗaga, ƙishi ya kama mu, sai ga zomo ya zabura daga gindin wata geza. Ban ma ga lokacin da kere ya bar hannun Baffa ba, sai dai na ga zomo ya wuntsila. Baffa ya ja ƙafa da iyakar saurinsa ya isa, ya ɗaga shi, ya juya shi, ya taɓa idonsa. Jifan ya same shi a wuya. Ya ce, "Ya riga ni." Ya jefa wa karnuka.

Alhaji, wanda ya yi kwana biyu a kan fura da burodi, ya kusa hawaye. Ya ce Baffa, nama fa ne. Baffa ya ce nama ne, amma na karnuka, wanda bai ji wuƙa da ransa ba ba ya shiga tukunyar gidansu. Ni ina tsaye ina kallon karnukan nan suna ci har cikinsu ya yi tim suna lasar baki. Na san wannan cikin. Na san wannan lasar bakin.

Ba mu yi nisa ba wani ya sake tashi. Wannan karon kere ya tafi yana sharar ƙasa, ya kwashe masa ƙafafun baya, zomo ya faɗi can nesa yana shure-shure. Baffa ya yunƙura zai ruga gwiwa ta ƙi. Na waiwaya wurin Alhaji mai wuƙaƙe biyar, ya laluba aljihu, abin da ya fito da shi takardar Faransanci ce mai hatimi. Sai Baffa ya zaro wata wuƙa daga kube a ƙugunsa ya danƙa mini.

"Gudu, Malam, kafin ya riga ka."

To daga nan ne gudun da kuke gani a bidiyo ya fara. Rabona da gudu tun ina makarantar horon malamai. Takalmi ya fice, shadda ta harɗe ni na faɗi cikin ƙarangiya, na tashi, ramin gafiya ya kama ƙafata na sake faɗuwa. Ƙirjina kamar ana hura wuta a ciki. Ban san ina da sauran gudu a jikina ba sai ranar. Na isa, zomo yana numfashi, idonsa a buɗe. Na fuskantar da shi gabas, na ambaci sunan Allah da ɗan numfashin da ya rage mini, na yanka. Jini ya zuba. Na zube a wurin ina haki.

Baffa ya iso a hankali, ya duba yankan, ya gyaɗa kai. Ya zauna a ƙasa kusa da ni, ya karɓi wuƙar ya goge ta da yashi. Sai a lokacin na dube ta da kyau. Wasi ya cinye ta har ta zama siririya kamar ganyen dawa, ƙotar ta yi baƙi da gumin hannu. Na gane ta. Ita kaɗai ta tsira daga wutar da na kunna, don a ƙugun Baba take a ranar.

"Jifan ba shi ne aikin ba," in ji Baffa. "Kowane sakarai in ya daɗe zai iya jifa. Wannan gudun da ka yi sau ɗaya kana neman shiɗewa, shi Yaya ya yi shekara arba'in yana yi don ku ci halal. In ya riga, ya kawo muku. In an riga shi, ya ba karnuka ya dawo gida a yi masa mita. Ko sau ɗaya bai taɓa kai muku wanda ya mutu kafin ya iso ba."

Na ce to me ya sa bai gaya mini ba a ranar? Baffa ya ce shi ma ya tambaye shi. Amsar da ya bayar ita ce, yaron ya yi karatu, mutane suna ganin girmansa, ba zai ƙaryata shi a gabansu ba. Layun kuwa, ya ce da ma ya daɗe yana son rabuwa da su, waɗannan bai riƙe ni da su ba. Kalmar mushe ce ta tsaya masa a rai.

Na yi kuka a cikin dajin nan, kuka na gaske, da ƙarangiya a gemu. Alhaji ya sauke wayarsa ya juya baya yana duba agogonsa mai nuna arewa, kamar akwai abin da ya ɓace masa. Ni da na ƙone wa ubana kaya don kare mutuncin addini, ashe shi ya fi ni sanin babin, kuma mutuncina ya saya da shirunsa.

Inna Kande ta yi mana farfesun zomon da yamma. Alhaji ya ci har da tauna ƙashi, ni loma biyu na iya. Da safe Baffa ya kai ni maƙabarta ya nuna mini wani tudun yashi da aka kewaye da ƙaya, ya koma gefe ya bar ni. Abin da na faɗa a wurin tsakanina da Ubangijina ne. Da za mu hau amalanke ya kwance kuben daga ƙugunsa ya sa mini a hannu, ya ce kere ba zai ba ni ba, don yana tausayin randunan Daura. "Wannan dai taka ce, ɗan Yaya," ya ce. Tun zuwana sai a lokacin ya ajiye Malam ɗin.

A iyaka jandarman nan ya karɓi takardarsa, ya mayar wa Alhaji adda da wuƙaƙensa biyar sababbi fil, ko albasa ba su yanka ba. Ya ga tawa, ya zare ta daga kube, ya gwada kaifin a farcensa. Ya ce wannan ba makami ba ce, kayan aikin wani dattijo ce, ya mayar mini ba tare da takarda ba. A mota kuma Alhaji ya matso ya raɗa mini cewa ya samo mafita. Zai yanke farkon bidiyon, a fara daga inda nake gudu, kowa zai ɗauka ni na yi jifan. Ranar Juma'a kuma sai in ɗaure hannu in ce na gurɗe. Na gode masa, don na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Har muka shiga Daura ina juya maganar, kuma ba zan ɓoye muku ba, ta yi mini daɗi.

Ranar Juma'a bayan la'asar magidanta suka cika filin makaranta cikin rigunan da tela ya ɗinka. Na tashi na ce musu ban iya kere ba, ban iya majajjawa ba, ban taɓa kama ko ɓera ba, duk zomayen da na ba su labari na Baba ne. Na gaya musu abin da na yi masa a ƙofar gida da abin da na gano a daji. Can mai kula da tabarmi ya tambaya ko a naɗe ne. Mai unguwa ya ce a'a, tun da an taru a yi wani abu. Alhaji ya karanto tambayoyin Baffa, aka zauna aka lissafa tsofaffin unguwa da wanda zai ɗauki kowanne in ta ɓaci, aka raba usur. Ni aka sauke ni daga mai koyarwa, aka ba ni goyon Malam Audu makaho, wanda ya ce a nemo masa wani, ya ji labarin yadda nake faɗuwa.

Bidiyon ni na ce Alhaji ya sake shi, yadda yake, da jifan Baffa a farkonsa. Ku ci gaba da dariya, ni ma in na kalla ina yi. Har yau ban iya jifa ba, ba kuma na sa ran zan iya. Wuƙar tana ɗakina, da ita nake yanka kajin gida. Duk sanda na zauna wasa ta a dutse sai in yi a hankali, don abin da ya rage a jikinta kaɗan ne, sauran Baba ya ƙarar da shi a kanmu.